Waken da Ya Haura Danga

Akwai wani mutum a wani ƙauye, yana da 'yar garka a bayan gidansa. Ba zan faɗi sunansa ba, don kada wani ya waiga ya dubi na kusa da shi a kan benci. Mutanen garinsu dai Maiwake suke ce masa, mu ma haka za mu kira shi.

Abin da ya jawo masa wannan suna wani irin wake ne da yake shukawa a gindin danga, irin mai yaɗo yana hawa sama. Ƙwayarsa faffaɗa ce kamar farcen babban yatsa, fara mai ɗigon ja. Mahaifiyarsa ce ta zo da shi daga garinsu na hayin kogi, ƙulle a bakin zane, ranar da aka kawo ta gidan aure. Ba a samunsa a kasuwa, babu kuma wani gida a ƙauyen da yake da shi. Kafin ta rasu, ta kama hannun ɗanta ta kai shi garka, ta ce masa, "Kowace shekara ka zaɓi gindi uku mafi kyau, ka ɗaura musu tsumma. Sauran a dafa maka tun suna ɗanye, ka ci son ranka. Amma na tsumma kada ka taɓa sai sun bushe. In sun bushe ka ɓare, ka gauraya da toka mai sanyi, ka zuba a tulu, ka liƙe bakin da laka. Shi ne irinka na baɗi. Ka ji ko?"

Ya ce, "Na ji, Inna."

A faɗi gaskiya, mutumin ba rago ba ne. Tun kafin ruwan fari ya kai taki, ya gyara danga, ya kafa sanduna inda yaɗo zai bi. Ciyawa ba ta kwana biyu a garkarsa. Amma yana da wani hali da ya ɓata masa aikin nan duka. Idan wake ya yi, yakan kira mutane su zo su ci, shi kuwa ya harɗe ƙafa yana kallon bakinsu, yana jiran yabo. Dafaffe kam ko akushi nawa zai bayar. Amma bari wani ya ce, "Maiwake, sam mini iri mana in gwada a bayan ɗakina," sai ka ga fara'a ta ɗauke, ya shiga kame-kame, bana bai yi yawa ba, a bari sai baɗi. Baɗin nan kuwa ba ta taɓa zuwa ba. Ya san sarai dafaffen wake ba ya tsiro, shi ya sa hannunsa yake sake a kansa.

A bayan dangarsa ta gabas akwai wata tsohuwa gwauruwa, ana kiranta Iya Liyatu. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta sun yi nisa, ita kaɗai take zaune da 'yan kajinta. Kowace damina sai yaɗo ɗaya daga waken Maiwake ya hau danga, ya leƙa, ya sauka ta gefen tsohuwa ya yi 'ya'ya a can. Abin nan yana ci masa rai ƙwarai. In ya janyo shi ya dawo da shi da safe, kafin kwana uku ya sake haurawa. Wata rana haushi ya ishe shi, ya ɗauko lauje zai datse shi. Matarsa Tabita tana shanya a tsakar gida, ta hango shi, ta ce, "Haba Maigida, don Allah ka bar shi. Gaida Iya ya je, me ya yi maka?"

Ya ce, "Ni na yi taki, ni na yi noma, sa'an nan ya je ya haihu a gidan wani?"

Ta ce, "To ai ba ƙasar waje ya tafi ba. Ka bar shi."

Ya ajiye lauje, ba don zuciyarsa ta yi sanyi ba, sai don yana jin kunyar matarsa. Tun daga nan yakan leƙa ta tsakanin karan danga ya ga kwanson yana rataye ta can, ya cika, ya yi kore, ya yi ruwan ƙasa, har ya bushe, tsohuwa ba ta tsinka ba. Sai ya yi tsaki ya ce, "Dubi ɓarna. Ko cinsa ma ba ta iya ba." Bai taɓa tambayarta dalili ba.

Ana nan, sai aka yi wata shekara mai albarka. Ruwa ya sauka daidai, wake ya yi 'ya'ya har danga tana sunkuyawa. Tabita kuwa gwana ce a dafa shi. Da sassafe takan tsinko wanda ya cika amma bai soma bushewa ba, ta zauna ta ɓare a faifai, ta wanke, ta ɗora a tukunyar ƙasa. In ya tafasa ta zubar da ruwan farko, ta sake wani, ta sa gishiri da albasa. In ya yi laushi ta tsane, ta kwarara man gyaɗa, ta barbaɗa yaji da dakakken ƙuli-ƙuli. Ƙamshin yakan bi iska har bakin rijiya. Duk ranar da ta dafa kuma sai ta ɗiba a ƙaramin kwano ta miƙa wa Iya Liyatu ta saman danga.

Maiwake ya ci, ya kira abokai suka ci, ya kira abokan abokai. Kullum tukunya a kan murhu, kullum yabo a kunnensa, har ya soma tafiya yana ɗaga kafaɗa kamar shi ya halicci waken. Da haka, da haka, wake ya ƙare a garka, sai gindi uku masu tsumma.

A makon nan ne surukansa suka zo daga nesa, su biyar. Bayan gaisuwa, babbansu ya ce, "To, ina waken nan da labarinsa ya kai har garinmu?" Maiwake ya tashi ya zaga bayan gida, ya ce wa matarsa ta ɗauko kwando.

Ta ce, "Maigida, na tsumma kaɗai suka rage."

Ya ce, "Na sani. Akwai ragowar na bara a tulu, ya kai rabi. Ya ishe mu shuka."

Ta ce, "Ka duba shi kuwa?"

Ya ce, "Ni da na ajiye da hannuna? Ke dai hura wuta, kada baƙi su ce ƙarya ake yi."

Shi da kansa ya kwance tsummokaran, ya tsinke kwanson tas, bai bar ko ɗaya ba. Aka dafa, surukai suka ci suka suɗe kwano, suka ce lalle ba a faɗi rabin daɗinsa ba. Ranar bakinsa bai rufu ba don murna. Abin da ya manta shi ne, a farkon damina da ya gama shuka ya mai da ragowar iri cikin tulu, bai sake masa toka ba. Laka kuma ta yi masa nisa a ranar, sai ya cusa tsumma a bakin tulun ya ce gobe zai liƙe. Tulun yana can a lungun ɗaki tun daga lokacin, ba wanda ya sake waiwayarsa.

Kaka ta wuce, rani ya wuce, hadari ya soma haɗuwa. Da ruwan shuka ya sauka, Maiwake ya ɗauko tulu ya fito da shi tsakar gida, ya zare tsumma. Sai ƙananan ƙwari suka yi ta fitowa. Ya juye a faifai, rabi gari ne, rabi ƙwayoyi ne masu huji ta ko'ina, in ka matsa da yatsa sai su ruguje. Ya zauna ya tsince masu ɗan dama-dama, ya kai garka ya shuka, yana fata. Ya jira kwana bakwai, ya ƙara uku. Ko ɗaya bai tsiro ba.

Sai hankalinsa ya tashi. Ya je kasuwar garinsu, ya je ta gaba, ya ga wake iri-iri, fari da ja da ƙanana, amma babu na mahaifiyarsa. Ya aika hayin kogi, aka ce masa tun da daɗewa irin ya ɓace a can. Ya dawo ya bi gidajen waɗanda suka sha cin wakensa, gida-gida, yana tambaya ko wani ya taɓa ajiye ko da ƙwaya biyu. Wani abokinsa ya dube shi ya ce, "Maiwake, ai dafaffe ka riƙa ba mu. Da wanne za mu ajiye?" Ba da mugunta ya faɗa ba, amma maganar ta soke shi har zuciya.

Ya koma gida ya shiga garka, ya zauna a gindin danga, ya rufe fuska ya yi kuka. Ba kukan abinci yake yi ba, domin akwai hatsi a rumbu. Abu ɗaya mahaifiyarsa ta danƙa masa, ta kuma gaya masa yadda zai riƙe shi, shi kuwa ya cinye shi a yini ɗaya don a yabe shi. Ji yake kamar ranar ce ya binne ta. Tabita ta zo ta tsaya a bayansa. Tana da abin faɗa, ku ma kun san tana da shi, amma sai ta ajiye masa ruwa a moɗa ta koma.

Washegari da hantsi, sai aka yi sallama a ƙofar gida. Iya Liyatu ce, tana dogara sanda, ta rungumo wata 'yar gora da aka liƙe bakinta da laka. Tabita ta shimfiɗa mata tabarma, aka gaisa. Tsohuwa ta ce, "Kira mini maigidan." Ya fito idanunsa jajur, ya durƙusa ya gaishe ta.

Ta ce, "Ɗana, yau kwana ashirin da ruwan shuka, ban ga kome ya leƙo ta danga ba. Lafiya?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Iya, irin ya ƙare. Na cinye na tsumma, na tulu kuma ƙwari sun cinye."

Ta ce, "Na zata haka. Kawo faifai."

Ta ƙwanƙwasa lakar da kan sandarta, ta juye gorar. Toka ta zubo, a cikinta kuwa ga ƙwayoyi faffaɗa, farare masu ɗigon ja, lafiyayyu, babu huji ko ɗaya. Sun kai tafi biyu. Maiwake ya zuba musu ido. Can ya ce, "Iya, a ina kika samu?"

Ta ce, "Naka ne. Wanda yake haurowa ta danga."

Ya ce, "Shi ya sa ba kya tsinka tun yana ɗanye?"

Ta ce, "Ɗanye ai Tabita tana miƙo mini, Allah ya yi mata albarka. Ni da mahaifiyarka mun sha tankaɗen toka tare a nan tsakar gidan. Da ta rasu na duba na ga duk garin nan gida ɗaya ne kawai yake da irin, sai tsoro ya kama ni. Shi ne kowace shekara nake barinsa ya bushe, in ajiye sabo, in dafa tsohon."

Sai hawaye suka sake zubo masa. Ya ce, "Iya, ki gafarta mini. Yaɗon nan na taɓa ɗaukar lauje zan yanke shi, don kada ki samu."

Tsohuwa ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Ai ina zaune a gindin dangar ranar, na ji ku duka. Tashi ka je ka shuka, ƙasa tana bushewa."

Ya ce, "Me zan yi miki, Iya?"

Ta ce, "In ya nuna, a dafa nawa ya yi laushi sosai, haƙora sun ƙare. A kuma sa mai da yawa."

Mutumin ya ɗauki faifai ya shiga garka. Kafin ya saka ƙwaya ta fari a ƙasa, ya durƙusa ya yi godiya ga Ubangiji da babbar murya, har maƙwabta suka ji. A kwana na shida wake ya tsiro. Shekarar nan layi guda ya shuka a gindin dangar gabas, da yaɗo ya kai sama kuma shi da hannunsa ya riƙa karkata shi zuwa gidan tsohuwa. Tukunyar farko ita aka kai wa, da mai har yana kwanciya a kwano. Gindi shida ya ɗaura wa tsumma maimakon uku. Da suka bushe ya ƙulla iri a ganye, ya bi gidajen nan da ya bi yana tambaya, ya ba kowa nasa, ya kuma tsaya ya nuna musu yadda ake yi da toka da laka.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa. Irin nan shi ne duk abin kirki da Allah ya sa a hannunmu ba da wahalarmu ba: bangaskiyar da muka tarar a gida, addu'ar da aka koya mana tun muna kan cinya, sana'a, haƙuri, sanin ya kamata. Babu ɗayanmu da ya ƙirƙiri nasa. Wani ne ya ƙullo shi a bakin zane ya kawo mana, wasunsu ma sun riga mu gidan gaskiya ba mu ce musu mun gode ba.

Maiwake kuwa, kada ku yi saurin yi masa dariya, gama yana da 'yan'uwa da yawa a cikinmu, ni ma ina ciki. Mun iya ba da dafaffe. Dafaffe shi ne alherin da ake yi a gaban jama'a, a ci a yaba, gobe a sake dawowa wurinmu. Amma mu zauna mu koya wa wani abin da muka sani har ya iya ba tare da mu ba, nan ne hannu yake nauyi. Mai ɗinki ba ya so na ƙasa da shi ya san yanka. Mai waƙa a ƙungiyar mawaƙa ba ya so a koyi muryarsa. Uba yana yi wa 'ya'yansa addu'a, amma bai taɓa zaunar da su ya koya musu su yi da bakinsu ba. Ranar da namu ya ƙare, za mu bi gida-gida mu tarar ba mu bar iri a ko'ina ba.

Ku lura kuma da tulun nan. Mutumin ya dogara ga ajiyar bara, bai buɗe ya duba ba. Haka wani yake cewa, ai ni an yi mini baftisma tun shekara ashirin, ai ni ɗan gidan masu bi ne, alhali rabonsa da durƙusawa shi kaɗai a gaban Ubangiji har ya manta. Ƙwari ba sa yin ƙara in suna ci. Sai ranar shuka, ranar ciwo ko rashi ko gwaji, mutum ya juye tulunsa ya ga gari.

Amma ba don in tsorata ku na kawo misalin nan ba, don ku yi godiya ne. Ku dubi abin da ya ceci mutumin. Ba ƙwazonsa ba ne, ba kuwa kirkinsa ba. Yaɗon da ya yi ta jin haushinsa, wanda ya lissafta a cikin hasara, wanda ya ɗaga wa lauje, shi kaɗai ne ya rage masa. Tsohuwar da yake yi wa tsaki ta bayan danga, ita ce take yi masa ajiya shekara da shekaru bai sani ba. Ta ji abin da ya faɗa da kunnenta, duk da haka ta ci gaba da tankaɗen toka. Wannan shi ne alherin Allah. Ya san rowarmu, ya ji gunaguninmu, ya ga laujen a hannunmu, amma yana adana mana abin da mu da kanmu muka kasa riƙewa. Ranar da muka zauna a gindin danga muna kuka, sai ya aiko da shi, sau da yawa ta hannun wanda ba mu ɗauka a bakin kome ba.

Ni mai gaya muku wannan, akwai shekarar da na bar zuwa sujada, zuciyata ta bushe ƙamas. Wanda ya zo ya zauna da ni a ƙofar gida, ya yi addu'a tare da ni, wani ne da na taɓa koya wa addu'ar a ajin Lahadi na wannan majami'a, ina koya masa ina jin ya cika nauyin kai. Kalmomin da na ba shi da ƙyar, su ya dawo mini da su lafiyayyu. Har yau in na tuna sai kunya da godiya su haɗu su cika mini ciki.

Saboda haka ga aikinku na wannan mako. Kowa ya zauna ya tuna wanda ya taɓa kawo masa gora a ranar da tulunsa ya zama gari. In yana da rai, kada ka aika, ka taka da ƙafarka ka je ka ce ka gode. In ya rasu, ka gode wa Allah dominsa, ka kuma ɗauki abin da ya ba ka ka ƙulla wa wani. Sa'an nan ka zaga bayan gidanka ka duba dangarka. In ka ga wani alheri naka yana haurawa gidan maƙwabci ba da izininka ba, ka mai da laujen inda ka ɗauko shi.

Ubangiji, mun gode maka domin abin da ka ajiye mana a bayan danga tun ba mu sani ba. Ka sake hannuwanmu mu ba da iri. Amin.